Sharhi Kan Koyar da Ƙa'idar Newton ta Uku Cikin Harshen Hausa: Misalin Abubuwan da Aka Ɗora Bisa Juna

Tun shekarar 1687 Isaac Newton ya bayyana ƙa'idojin motsi guda uku, kuma ta ukunsu ita ce ta fi rikitar da ɗalibai. Wannan sharhi ya dubi kurakurai biyu da ake yawan tafkawa wajen koyar da ita, domin masu tsara manhaja su kauce musu yayin da ake mayar da darussan kimiyya zuwa Hausa.

Kuskure na farko na fahimta ne. Akan ce wa ɗalibi idan an ajiye littafi bisa tebur, nauyin littafin da turin da tebur ke yi masa su ne abokan juna da ƙa'idar ke nufi. Wannan ba daidai ba ne, domin dukkan ƙarfin biyu a kan littafin suke aiki, alhali ƙa'idar na magana ne a kan ƙarfi biyu iri ɗaya masu aiki a kan abubuwa biyu mabambanta.

A ɗauki misalin buhun gero biyu, kowanne mai kilo 50, an ɗora ɗaya bisa ɗaya a cikin mota. Duniya na jan buhun sama da ƙarfin niyuton kusan 500, shi ma buhun yana jan duniya da 500. Waɗannan su ne abokan juna na farko. Buhun sama na danne na ƙasa da 500, na ƙasa na tura shi sama da 500. Su ne na biyu. Na ƙasa kuwa yana danne daɓen mota da 1,000, daɓen na tura shi da 1,000.

Hujjar tana fitowa fili idan motar ta hau tudu ta cilla kayan sama. A wannan lokaci dannar da ke tsakanin buhunan na iya kai 600, nauyin buhun sama kuwa yana nan 500. Da a ce abokan juna ne, da ba su taɓa bambanta ba. Daidaituwarsu sa'ad da mota ke tsaye aikin ƙa'ida ta biyu ne.

Kuskure na biyu na harshe ne. Fassarar “aiki da martani” tana nuna cewa wani ƙarfi ya riga, wani ya biyo baya, domin a Hausa sai an yi magana ake mayar da martani. Amma ƙarfin biyu tare suke faruwa, tare suke gushewa. Haka kuma kalmar “nauyi” ita kaɗai ke ɗaukar ma'anar yawan abu da ake aunawa da kilo da ta jan duniya da ake aunawa da niyuton.

Saboda haka muna ba da shawarar a yi amfani da “tagwayen ƙarfi”, a keɓe “nauyi” ga jan duniya kaɗai, sannan a horar da ɗalibi ya riƙa faɗin wane ne ke turi da wanda ake turawa. Idan ya juya jimlar, ya sami tagwayen. Kalmar da ta shiga manhaja da kuskure, gyaranta a bakin malamai da ɗalibai yakan yi wuya.