Jinjina ga Ide Oumarou, jakadan Nijar

Jakadan ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ba shi da rundunar da zai yi barazana da ita, ba shi da tallafin da zai raba. Jarinsa haƙuri ne, da iya magana, da riƙon alƙawari. Da su ne Ide Oumarou, haifaffen N'Dounga a 1937, ya tashi daga aikin jarida ya wakilci Nijar a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1980 zuwa 1983, har ya shugabanci zaman Kwamitin Sulhu. Daga 1985 zuwa 1989 shi ne Babban Sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Ya rasu a 2002. Allah Ya jiƙansa. Matasan Mahuta da Zuru, maƙwabcinku ne wannan: ku riƙe karatu da harsuna, ƙofar a buɗe take.