Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma a wajen shari'a wannan magana tana bukatar gyara. Kasuwar Ƙofar Wambai ta isa misali. Da magariba, sa'ad da 'yan gwanjo ke ɗaure kaya, akan yi kururuwar ɓarawo, wani ya sheƙa cikin taro. Wanda ya hange shi ƙiftawar ido ɗaya, shi ne bayan wata uku zai rantse gaban alƙali ya ce lalle wannan ne.

Malaman Malikiyya sun tsananta a kan shaidu. Sai adalai biyu, a yi musu tazkiya, kuma Muhtasar ya hana karɓar shaidar mai gafala. Amma tazkiya halin mutum take aunawa, ba ta auna hasken wuri ko nisan da ke tsakani. Mai gaskiya yakan yi kuskure da zuciya ɗaya, kuma kuskurensa ya fi na maƙaryaci hatsari, domin ba ya inda-inda.

Abin ya auku a Ingila. A 1896 mata da dama suka nuna wani mai suna Adolf Beck, suka ce shi ya damfare su, aka yanke masa shekara 7. A 1904 aka sāke kama shi, sa'an nan mai laifin na ainihi ya shiga hannu. Wannan na cikin dalilan kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuffuka a 1907. A 1976 kuwa, cikin shari'ar Turnbull, aka ɗora wa alƙalai su bincika tsawon lokacin ganin, da nisa, da haske, da ko shaida ya san mutumin tun dā. Kotun Ƙolin Nijeriya ta bi wannan hanya.

Inda aibin yake shi ne kotun sama takarda take karantawa. Takan ce alƙalin farko shi ya ga fuskar shaida, saboda haka ba ta cika taɓa hukuncinsa ba. To, natsuwar fuska gaskiyar zuciya kaɗai take nunawa. Wajibi ne a rubuta waɗannan tambayoyi da amsoshinsu tun ranar farko, domin in ba su cikin littafin shari'a, mai ɗaukaka ƙara ba shi da abin riƙewa, sai ya ci sarƙa a kan laifin mai kama da shi.