Gwanin da Ke Zaɓar Ranar Sakin Sabon Zubi

A kamfanonin da ke ƙera wasannin waya akwai ma'aikacin da ko dodo ɗaya ba ya zanawa, amma in ya kuskure mako guda, wahalar watanni ta tashi a banza. Shi ne mai tsayar da ranar da sabon zubin wasa zai fita, kuma a ganina ba a yaba masa yadda ya kamata.

Ya san cewa sabuntawa ita kaɗai ba ta ɗaga wasa a jerin App Store ko Google Play. Jerin yana bin abin da jama'a suka yi a 'yan kwanakin nan ne: mutum nawa suka sauke wasan, kuɗi nawa aka kashe a cikinsa. Don haka sai ya haɗa sabon zubi da talla da wani biki na cikin wasan, duk su faɗo lokaci guda. Kamar mai kiwon raguna ne: ragon bai canza ba, amma kuɗinsa ana jajibirin Babbar Sallah daban, bayan an yi layya daban.

Kamfanin Rovio na ƙasar Finland ya gane haka da wuri. A Oktoban 2010 ya fitar da Angry Birds na bikin Halloween, zuwa Disamba ya mayar da shi Angry Birds Seasons, kowane biki da nasa sababbin matakai. Kamfanin Niantic ma, da zafin Pokémon GO na 2016 ya lafa, sai ya zuba sababbin halittu sama da 80 a Fabrairun 2017, 'yan wasan da suka guje masa suka komo.

Disamba ita ce babbar jarrabawa. Shekara da shekaru Apple ya yi ta rufe ƙofar karɓar manhajoji na 'yan kwanaki a lokacin Kirsimeti, daidai sa'ad da mutane a Amurka da Turai ke samun kyautar sababbin wayoyi suna neman abin da za su cika su da shi. Wanda bai shigar da nasa kafin a rufe ba, sai dai ya yi kallo. A 2021 aka daina rufewar, sai dai tantancewa kan yi jinkiri. Apple na cewa kashi 90 cikin 100 na abin da aka miƙa ana duba shi cikin ƙasa da awa 24, amma gwani ba ya dogara da wannan. Yakan miƙa da wuri, a amince, ya riƙe abinsa sai ranar da ya zaɓa.

Inda ya fi burge ni shi ne taka-tsantsan. Ba ya sakar wa kowa a tashi ɗaya. Apple na da tsarin kwana 7 ga wayoyin da ke sabunta kansu: kashi 1, sai 2, 5, 10, 20, 50, sannan 100, kuma ana iya dakatarwa in an hango matsala. Dalili a fili yake. A Google Play, wasan da ke mutuwa a hannun sama da kashi 1.09 na masu buga shi a rana ana iya rage nuna shi, kuma tun 2019 taurarin da masu buga wasa suka bayar baya-bayan nan sun fi na da nauyi. Zubi mai tangarɗa da ya fita ranar Juma'a da yamma, injiniyoyi sun watse, kafin Litinin masu ba da tauraro ɗaya sun gama da shi. Shi ya sa da yawa suka fi son farkon mako. A ɓangaren Apple kuwa, tun 2017 kamfanin da ya ƙera wasa ke zaɓar ko ya share tsofaffin taurari ko ya tafi da su, wannan ma shawara ce da ke jiran gwanin.

Har nauyin zubin yana cikin lissafinsa. Matashin da ke buga Free Fire a Kano ko Maraɗi da datar da ya saya da guminsa ba zai sauke zubi mai nauyi nan take ba. Zai jira datar dare ko inda zai samu intanet kyauta, kuma a kwanakin jiran nan wani wasan na iya ɗauke masa hankali.