Gasar Hoto Mai Jigo: Idon Wa Muke Aro?

A ƙarshen bazarar da ta wuce, wata ƙaramar ƙungiyar masu sha'awar ɗaukar hoto a nan Damagaram ta gayyace ni in zauna cikin alƙalan gasar da takan shirya duk bayan wata uku. Ƴan ƙungiyar ba da hoto suke cin abinci ba: akwai malaman makaranta, da ɗalibai, da tela, da wani tsohon ma'aikacin asibiti. Tsarinsu shi ne a ba da jigo guda, kowa ya kawo hoto biyu, a rataye su a zaure, alƙalai su ba da maki. Jigon wannan karon shi ne «Ruwa». Na fito daga zauren da murna da kuma damuwa, damuwar kuwa ita nake son in baje a gaban ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu.

Wannan tsari gado ne daga Turai. An kafa ƙungiyar masu hoto ta Landan a 1853, ta Faransa ta biyo baya a 1854, sannan a 1950 aka kafa tarayyar ƙasa da ƙasa mai suna FIAP, wadda ke sa albarka ga gasanni tana raba lambobin yabo. Jigo yana da amfani, babu musu. Duk malamin da ya taɓa ba da batun insha'i ya san cewa ɗalibin da aka ce wa ya rubuta abin da ya ga dama yakan ƙare da tauna biro, wanda aka ɗaure da batu kuwa yakan sami bakin zare. Amma malamin ya san ɗaya fuskar: da zarar maki ya shigo, ɗalibi yakan bar abin da ya sani, ya shiga laluben abin da malam yake so.

Abin da na tarar a bangon zauren ke nan. Mafi yawan hotunan faɗuwar rana ce a kan tabki, ko raƙumi a bakin rijiya, ko yarinya ɗauke da tulu tana murmushi. Sun yi kyau ƙwarai, irin kyan hoton kalanda da katin da ake sayar wa baƙi. Sai dai wanda ya kalle su ba zai taɓa zaton cewa an ɗauke su a garin da ƙarancin ruwa ya daɗe yana hana wa barci ba. Matasan da suka tashi cikin layin famfo sun ari idon mai yawon buɗe ido don su dubi garinsu, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

A can kusurwa akwai wani hoto da wata ɗaliba ta ɗauka da wayar hannu kafin asuba. Babu mutum a ciki, babu ko ɗigon ruwa. Jarkoki ne rawaya a jere gaban famfon da ya ƙafe, an zarge hannayensu da igiya guda, tsakaninsu da duwatsun da ke riƙe wa masu su layi, ga kurar ɗan ga-ruwa a jingine. Hasken bai wadata ba, gefen hoton ya yi dishi-dishi. Duk da haka shi kaɗai ne ya sa mutane suka tsaya suna gardama, wani yana cewa unguwarsu ce, wani yana rantsuwa tasu ce. Bai shiga cikin ukun farko ba, kuma ina da hannu a laifin. Takardar makin da aka miƙa mana ta tanadi gurbin kaifin hoto, da na daidaiton haske, da na tsarin fili, ta bar wa jigo layi ɗaya tak. Na bi takardar kamar yadda nake bin ma'aunin gyaran jarrabawa, sai da aka tara lissafi na ga abin da muka aikata.

A 1965 masanin zamantakewa Pierre Bourdieu da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan masu ɗaukar hoto don sha'awa a Faransa, har da ƴan ƙungiyoyi. Sun nuna cewa jama'a ce ke shata wa mutum abin da ya cancanci a ɗauka tun kafin ya ɗaga na'ura. Gasa kuwa ƙara tsuke wannan da'ira take yi, domin hoton da ya ci bana shi za a kwaikwaya baɗi.

Manyan masu hoto na yankinmu sun riƙi jigo ta wata hanya dabam. Ojeikere na Nijeriya ya soma ɗaukar kitson mata a 1968, ya yi shekaru masu yawa a kai har ya tara hotuna wajen dubu. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya bi dararen Yamai na shekarun 1960 da 1970, ya bar mana shaidar samartakar wancan zamani. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba Zakin Zinariya na Venise a 2007, matasan garinsa ya lazimta. Dukansu abin da ke ƙofar gidansu suka duba, suka kuma daɗe suna dubawa.

Saboda haka shawarata ga ƙungiyoyinmu huɗu ce. A tsuke jigo: maimakon «Ruwa», a ce «Ruwan unguwarmu kafin fitowar rana». A nemi jerin hotuna biyar da aka ɗauka cikin watanni, domin sa'a kan ba da hoto ɗaya, jeri kuwa sai mai lura. A wajabta rubuta wuri da rana da ɗan bayani cikin Hausa da Faransanci, tare da tabbatar da yardar wanda aka ɗauka, a kuma adana kwafi a ɗakin karatu. Na ƙarshe, alƙalai su kare makinsu da baki a gaban jama'a, a ba masu hotunan damar mayar da martani.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibar nan ta san ɗakinta, ta kuma nuna mana shi, mu muka ba ta maki kaɗan. An ce mini jigon gasa mai zuwa «Kasuwa» ne. Ina fatan za ta sake kawo hoto, ina kuma fatan kafin ranar mun gyara takardarmu.