Copenhagen Fields: Unguwar Jirgin Ƙasa a Kan Tebur

Na daɗe a tsaye gaban teburin kafin na kula da jirgi ko ɗaya. Idona ya tafi ne kan rufin gidaje, jeri bayan jeri, baƙaƙe da hayaƙin kwal, suna hawa tudu har su ɓace cikin hazo. Sai can na ji wani yaro a gefena ya ce wa babansa ga shi nan ya fito, na sunkuya na ga kan jirgi kore, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, ya ɓullo daga bakin rami yana jan taragai a hankali kamar mai jin nauyin hawa. A baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da ake yi kowace shekara a Alexandra Palace, arewacin Landan, na fara ganin wannan aiki da ake kira Copenhagen Fields. Tun daga ranar nake bibiyarsa, kuma har yau ban ga wani aikin ƙungiya irinsa da ya kama mini zuciya haka ba.

Masu aikin 'yan ƙungiyar The Model Railway Club ne, wadda aka kafa a Landan a 1910. Gidanta, Keen House, yana kan titin Calshot, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar King's Cross. Wannan kusancin yana da muhimmanci, domin abin da suka zaɓa su ƙera unguwarsu ce. Sun ɗauki ɗan yankin da ke arewa da tashar, tsakanin ramukan ƙarƙashin ƙasa guda biyu, na Gasworks da na Copenhagen, inda layin dogon da ya nufi Edinbara yake fitowa fili na ɗan taƙi kafin ya sake nutsewa. Suka haɗa da mashigar babban filin sauke kaya na King's Cross, da gadar da wani layin yake tsallake wannan ta sama, da titunan da ke kewaye. Zamanin da suka nufa shi ne tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin kamfanin LNER wanda aka kafa a 1923. Sun fara aikin tun 1984. Shekara 40 da ɗoriya ke nan ana ƙira, ana gyara, ana ƙari.

Sai an san ma'aunin kafin a gane girman haƙurin. Kowace ƙafa ɗaya ta zahiri milimita 2 ce a teburin, wato kashi 1 cikin 152. Mutum dogo mai ƙafa shida bai wuce milimita 12 ba, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo milimita 9.42 ce. Akwai ƙananan jirage na kanti da suka yi kusa da wannan girma, masu tafiya a kan tazarar milimita 9, amma ƙafafunsu masu kauri ne, bakin da ke riƙe su a kan dogo ya yi zurfi, ido na gani ya san abin wasa ne. Waɗannan mutane sun ƙi wannan sauƙin. Sun bi ma'auni mai tsauri, wanda ke nufin dogon da hannu ake shimfiɗa shi, mararrabar layuka da hannu ake gogewa a liƙa da dalma, kawunan jirage da dama kuma daga fallen tagulla aka yanko su. Da na ji cewa wanda ya daɗe yana jagorantar aikin malamin jami'a ne a fannin haƙori, sai na ce lalle, irin hannun da aikin ke bukata ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka saka layin dogo a cikin gari. Yawancin teburan da na gani, dogo ne sarki: ana shimfiɗa shi, sannan a ɗan yayyafa gida biyu da bishiya uku a gefe don kada wurin ya zauna tsirara. A nan garin ne ya yi yawa, jirgi kuma ya ratsa ta cikinsa a ƙasa, cikin kwari, kamar yadda yake a zahiri. Sukan bar jirgi ya ɓace bayan masana'anta, ya sake bayyana ƙarƙashin gada, har mai kallo ya riƙa miƙa wuya yana nemansa. Sun kuma yi wata dabara ta masu zane: gine-ginen gaba suna kan cikakken ma'auni, na baya kuwa suna raguwa sannu a hankali, launinsu na dusashewa, har su haɗe da zanen bango. Na yi ta neman inda ƙira ta ƙare zane ya fara, sai da na matsa gefe na duba ta kusurwa kafin na kama wurin. Tebur mai faɗin 'yan taku ya koma nisan mil.

Launin kuma shi ne ya nuna mini cewa aikin ƙungiya ne na gaske. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma duk wanda ya taɓa shiga aikin gayya ya san hannu da yawa kan ɓata miyar ma, idan kowa na son a ji gishirinsa. Mutane da dama ne suka gina waɗannan gidaje, a shekaru mabambanta, wasu a teburin ɗakinsu suka kawo. Wasu daga cikin waɗanda suka aza tubalin farko sun riga mu gidan gaskiya. Duk da haka ban iya nuna gini ɗaya na ce wannan hannun wane ne, ya fi na kusa da shi ƙyalli. Jan bulo da rawayan bulon Landan duk an kashe musu kaifi da toka-toka iri ɗaya. Kowa ya sauke nasa gwanintar ta daidaita da ta maƙwabcinsa. Wannan ya fi ƙera kan jirgi wuya.

Wurin da suka zaɓa ba wurin ado ba ne, kuma na yaba musu da hakan. Sunan yankin Belle Isle, sunan da ke nufin kyakkyawan tsibiri, alhali a tarihi matattarar sana'o'i masu wari ce: masu yanka tsofaffin dawakai, masu dafa ƙashi, masu harhaɗa taki da fenti. Can saman tudu kuma ga babbar karar Landan, wadda aka buɗe a 1855 don a raba tsakiyar birni da shanu da tumakin kasuwar Smithfield. Hasumiyar agogonta tana nan a teburin, ta yi fice sama da rufin gidaje, kuma ta gaskiyar ma tana nan tsaye har yau a cikin lambun Caledonian. Duk wanda ya san yadda kara da tashar jirgi suke jan juna, kamar yadda a da aka daɗe ana lodin shanu daga Kano da Nguru zuwa Ikko, zai gane dalilin zaman kasuwar nan kusa da dogo ba sai an yi masa bayani ba. Sunan teburin ma daga nan ya fito, daga filayen da kasuwar ta cinye, inda dubban ma'aikata suka yi gangami a 1834 don neman a saki manoman Tolpuddle shida da aka kora zuwa Ostireliya.

Akwai wani ɗan lungu da nake komawa gare shi kullum. A gaban teburin sun yanke ƙasa kamar yadda ake yanka kankana, don a ga abin da ke ciki: jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly yana shiga tasha ya tsaya, ya tashi, a can sama kuma titin Caledonian na ta hada-hadarsa. Ginin tashar na sanye da jajayen tayil ɗin nan masu duhu da mai zanen gine-gine Leslie Green ya yi wa tashoshin layin lokacin da aka buɗe shi a 1906. Yara kan durƙusa a nan su ƙi tashi. Ni ma na durƙusa.

Tafiyar jiragen kanta an yi mata tunani. Daga King's Cross layin hawa yake yi, taku ɗaya sama a kowane taku 107, ta cikin ramuka masu hayaƙi da danshi, kuma direbobin wancan zamani sun sha fama da santsin dogo a wurin. Saboda haka jirgin da ya nufi arewa bai kamata ya zo a guje ba, kuma masu sarrafa teburin sun kiyaye wannan. Kawunan jiragen da Nigel Gresley ya zana, dangin Flying Scotsman wanda ya yi tafiyar farko daga King's Cross zuwa Edinbara ba tsayawa a 1928, suna wucewa da natsuwa, taragai na biye. Jiragen kwal masu dogon jeri suna jan ciki a layinsu. A irin wannan ƙanƙanta, ƙura ɗaya a kan dogo kan tsayar da jirgi cak, don haka tafiya a hankali ba tare da tangarɗa ba ita ce babbar jarrabawa. A duk tsayuwata sau ɗaya na ga hannu ya miƙo daga baya ya taɓa wani tarago.

To, sai inda nake da 'yar magana. Filin kaya shi ne zuciyar wannan yanki a tarihi. Ta nan kwal ɗin arewacin Ingila yake shigowa Landan, da hatsi, da dankali, da kifi. Babban siton hatsin da Lewis Cubitt ya zana, mutumin da ya zana tashar King's Cross kanta ta 1852, yana nan har yanzu, ya zama makarantar koyon zane. A wancan zamanin filin wuri ne da ba ya barci: ana kwance tarago, ana tura wani, ana haɗa jeri, dawakai na jan amalanke, leburori na dako. A teburin kuwa, layukan filin sun yi kyau ƙwarai, sai dai sun fi babban layi shiru. Ido na samun jirage masu wucewa, amma shantin, wato aikin rarraba taragai da sake jera su, bai samu rabon da ya cancanta ba a lokutan da na kalla. Na fahimci dalili. A baje koli jama'a na son motsi ba yankewa, kuma kwance tarago mai girman ɗan yatsa daga nesa aiki ne mai cin rai. Amma wanda ya zo don filin kaya zai so a ba shi ko da minti goma a kowace sa'a, a tsayar da manyan jirage, a bar ƙaramin kai ɗaya ya yi aikinsa.

Haka nan mutane. Akwai su a tituna, amma unguwar talakawa mai cunkoso irin wannan ta fi haka cika. Ina son ƙarin mata a bakin ƙofa, da yara a lungu, da ma'aikatan dogo riƙe da shebur. Gine-ginen sun faɗi cewa ana shan wahala a nan; fuskokin da za su tabbatar da hakan sun yi kaɗan.

Akwai kuma batun zamani, wanda sai mai bin diddigi zai dame shi. Shekara 20 suka tattara a tebur ɗaya, don haka abubuwan da ba su taɓa haɗuwa ba sukan haɗu. Tashar ƙarƙashin ƙasa ta York Road, wadda ita ma take kan teburin, an rufe ta a 1932, kawunan jirage masu sulɓin goshi kuwa, dangin Mallard wanda ya kafa tarihin gudun mil 126 a sa'a a 1938, sai a 1935 suka fara fitowa. Ganin tashar a raye tare da su ɗan sassauci ne. Ni na yafe, domin ƙungiya ce, kuma wanda ya kwashe shekara biyu yana ƙera kan jirgi da hannunsa yana da haƙƙin ya ga ya yi tafiya. Da dai za a riƙa jera jiragen bisa shekarunsu, safe na farkon zamanin, yamma na ƙarshensa, da an samu riba biyu.

Matsala ta ƙarshe ba laifin kowa ba ce. Aikin ya yi girma, gunduwa-gunduwa ake kwance shi, a loda a mota, a sake haɗawa, saboda haka ba kasafai ake ganinsa cikakke ba. In an kafa shi kuma jama'a kan yi masa dafifi, ga shi abin da ya fi daɗi a cikinsa sai an matso kusa. Hoto da bidiyo na intanet suna taimakawa, amma suna kashe dabarar nisan nan da na ambata, domin kyamara takan kusanto da abin da aka yi don a hango.

Wani abu ya ƙara wa aikin daraja wanda masu shi ba su shirya ba. Lokacin da suka fara, yankin kango ne, tsofaffin gine-gine na nan ana iya zuwa a auna su da tef. Yau an sake fasalin wurin gaba ɗaya: layin jirgi mai gudu da ke zuwa Faransa ya ratsa ta Belle Isle tun 2007, dogayen benaye sun tashi, rumfunan sauke kwal sun zama kantuna. Abubuwa da yawa da 'yan ƙungiyar suka auna da hannunsu babu su yanzu sai a teburin.

A hukuncina, Copenhagen Fields shi ne mafi kyawun aikin ƙungiya da na taɓa gani a wannan sana'a, kuma gyaran da yake bukata na tsarin nuni ne, ƙirar ba ta da abin cewa. Mai karatu, idan hanya ta kai ka Landan kuma ka ji an kafa shi, ka je da wuri kafin taro ya yi yawa, ka rage tsawo har idonka ya yi daidai da rufin gidajen, ka ba shi sa'a guda.