Waƙar Shago da Masu Awonta

Kwanan baya, a wata hira da muka yi a gindin bedi bayan La'asar a nan Shinaka, wani malamin makaranta da nake ganin girmansa ya yanke wa Ɗan'anace hukunci cikin numfashi ɗaya. Ya ce in za a lissafa manyan makaɗan ƙasar Sakkwato, a kira Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, a ja layi. Shi kuwa Ɗan'anace, in ji shi, mai zuga ne kawai, ya iya tunzura ƙarti su dunƙule hannu, amma babu wata hikima a bakinsa da za a zauna a feɗe. Akwai manya a wurin, shi ya sa na haɗiye maganata. Yau ga amsar a rubuce.

Alhaji Muhammadu Bawa Ɗan'anace namu ne, ɗan wannan yanki, da Gandi ta ƙasar Rabah ake kiransa. Waƙar da ya yi wa ɗan damben nan Shago ita ce bakandamiyar waƙoƙin dambe gaba ɗaya, kuma ko malamin nan bai musa haka ba. Abin da ya musa shi ne darajar bakandamiyar. To, hukuncin masu awon waƙa ba dutse ba ne, yana sauyawa. A 1967 mawaƙan Ingila da ake kira Beatles suka fitar da faifansu Sgt. Pepper. Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta ɗora shi a matsayi na ɗaya cikin faifai 500 a 2003, sai ga shi a 2020 ta sauko da shi na 24, ta ɗora faifan Marvin Gaye a samansa. Ko ɗigo bai canza a faifan ba, masu saurare ne suka canza. Ita ma waƙar Shago ta bi ta hannun alƙalai kashi huɗu, kowane da mudunsa.

Alƙalan farko su ne malamai da mutanen fada. Wannan ƙasa ce ta ribaɗi, a Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, kuma shugabannin jihadi sun yi rubutu kan kiɗa, sun ware wanda aka yarda da shi da wanda aka hana. Dambe kuwa wasan rundawa ne, kiɗansa kalangu, lokacinsa kaka, filinsa bayan gari. Mahauci da maroƙi duk a ƙasan tsani al'ada ta ajiye su, kamar yadda M. G. Smith ya lura a ƙasar Zazzau, shi da ya yi rubutu kan roƙo a 1957. Ka ga ke nan makaɗin dambe ya haɗa ƙasƙanci biyu. A wancan mudu, mai kotso ko taushi da ke gaban sarki shi ne makaɗi, mai kalangun fili kuwa ɗan wasa ne.

Alƙali na biyu shi ne talaka, ranar da rediyo da kaset suka sa masa waƙa a hannu. Da Rediyon Kaduna da na Rima suka riƙa sako muryar Ɗan'anace, sai waƙar ta bar filin dambe ta shiga shagon tela da motar haya da zauren tsofaffi. Mutanen da ba su taɓa ganin Shago ba suka san 'yan dambe irin su Ɗandunawa da Ado Ɗankore, suna ba da labarin karawarsu kamar a gabansu aka yi. Wannan alƙali bai rubuta komai ba, da kuɗin kaset ya yanke hukuncinsa.

Na uku ita ce jami'a. A 1975 Dandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Indiyana kan Mamman Shata, a shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Sakkwato. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa. Sa'idu Muhammad Gusau ya zo ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, ya ba mu turke da gindi da ɗiyan waƙa, ya kuma ba makaɗan maza gurbinsu. Aliyu Muhammad Bunza ya yi wa Narambaɗa littafi sukutum. Wannan duk alheri ne. Sai dai ɗalibi yakan zauna da takarda, ya juye waƙa daga kaset zuwa layuka, sa'annan ya auna abin da ya rage. A kan takarda Narambaɗa ba ya rasa komai sai kaɗan, domin ɗiyansa a ɗaure suke tamau kamar karin magana. Ɗan'anace kuwa rabinsa ke zubewa a hanya. Daga wannan rabin da ya rage ne malaminmu ya ɗauko hukuncinsa, don haka bari mu koma ga abin da ya zube.

A fara da tambayar da ba a cika yi ba: wa ake yi wa waƙar, kuma ina yake a lokacin? Makaɗin fada yana yabon mutumin da ke zaune a kan karaga. In ya kira shi giwa, babu wanda zai tashi ya gwada. Makaɗin dambe yana yabon mutumin da ke tsaye tsirara daga ƙugu zuwa sama, an naɗe masa hannu ɗaya da zare, ga abokin karawa yana kallon haƙarƙarinsa. Kafin a ƙare turmi uku za a san ko makaɗi ya faɗi gaskiya. In gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an kashe shi, kuma da shi da makaɗinsa suka faɗi. Ban san wani yabo a adabin Hausa da ake jarraba shi nan take a bainar jama'a irin wannan ba. Shi ya sa nake cewa waƙar dambe ta fi kowace waƙar yabo ɗaukar kasada, kuma mai ɗaukar kasada ba ya magana da ka.

Daga nan ne za a gane abin da Ɗan'anace yake yi da mutuwa. 'Yan dambe da kansu ba su ce an kayar da wane, sai su ce an kashe shi. Ƙaramin makaɗi yakan ɗauki kalmar a matsayin salon magana ya wuce. Ɗan'anace ya tsaya a kanta, ya mayar da mutuwa wata halitta mai tafiya, mai sanin mutane, ya haɗa ta da Shago kamar tsofaffin abokan hulɗa. A lura, bai ce gwaninsa ya fi ƙarfinta ba. Da ya faɗi haka da ya yi ƙarya, da kuma malamai sun sami abin kamawa. Abin da ya yi ya fi wannan zurfi: ya matso da ita kusa har ta daina zama baƙuwa. Mutumin da zai shiga fili abin da ke cin zuciyarsa tsoro ne, kuma ba a korar tsoro da cewa babu shi. Ana kiran sunan tsoron ne a gaban jama'a, a maimaita, a sake maimaitawa, har kunne ya saba, gaba ya daina faɗuwa. Wannan aiki ne na mai sanin zuciyar ɗan Adam. Wanda ya kira shi zuga kawai bai tsaya ya tambayi kansa yadda zugar ke kama mutum ba.

Sai yadda yake furta maganar. Ɗan'anace ba ya rera waƙa daga farko har ƙarshe a kan layi ɗaya. Yakan sauko ya yi kamar hira yake yi da kai, ya kawo labarin wata karawa, ya ambaci gari da mutanen da suka halarta, ya ja rai, sa'annan ya ɗaga murya a wurin da naushi ya sauka. A tsakanin nan yakan yi shiru ya bar kalangu ya ƙarasa. Kalangu kuwa kowa ya san magana yake yi, makaɗi na matsa tsarkiya a hammata yana bin hawa da saukar muryar Hausa, har ɗan dambe ya ji takensa ba tare da an buɗe baki ba. 'Yan amshi su ma ba cike gurbi suke yi ba. Su ne taron jama'a a cikin waƙar, su ke tabbatar da abin da jagora ya faɗa kamar shaidu. Ɗalibin da ya rubuta amshi sau ɗaya ya sa alamar maimaici ya ɗauka ya taƙaita ne, alhali ya cire bugun zuciyar waƙar. Shirun jagora ba ya hawa takarda, haka ma amsar kalangu.

Abu na uku da ke zubewa shi ne harshe. Da Sakkwatanci aka yi waƙar, kuma da shi aka auna ta. In mai juyawa ya gyara “sunka” ta koma “suka”, ko “yat tahi” ta koma “ya tafi”, ya sauya nauyin gaɓa, kuma a kan wannan nauyi ne sandar kalangu ke sauka. Sai a karanta layin a ji yana ɗingishi, a ɗora wa makaɗi laifin da na alƙalami ne.

Na ga abin da nake faɗa da idona a fadama, lokacin ɗibar albasa. Wani yaro ya sa waƙar a waya ya rataya a jikin kara. Akwai wani dattijo yana ɗinke bakin buhu, ya kai shekara saba'in. Da kalangu ya shigo sai na ga basilla ta tsaya, hannunsa na dama ya dunƙule a hankali, na hagu ya miƙe gaba, yatsu a buɗe, yadda ɗan dambe ke kare fuska. Bai tashi ba, bai ce uffan ba. Da waƙar ta ƙare yaron ya ce, “Baba, kai ma ka yi dambe?” Ya ce, “Ɗana, ban taɓa shiga hili ba. Amma duk wanda yaj ji wanga kiɗi ya shiga.” Ya koma kan buhunsa. A ganina babu kundin da ya fi wannan dunƙulallen hannu bayyana waƙar.

Alƙali na huɗu na yau ne, kuma shi ya fi ba ni ciwo, domin daga raɗaɗi yake magana. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, tun harin Tabanni na 2018 da ya cika Gandi da 'yan gudun hijira, da na kasuwar Goronyo a 2021, wasu sun fara cewa irin waƙoƙin maza ne ke koya wa yara taurin zuciya. Na fahimci inda maganar ta fito, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ɗan dambe yana fitowa ne a gaban jama'a, sunansa sananne, garinsu sananne, ya zaɓi daidai da shi, hannu ya gamu da hannu. Akwai mai rabawa, akwai iyaka, wanda ya faɗi ba a bin sa ƙasa. Wanda ke zuwa cikin dare da bindiga a kan mata da manoma ya saɓa wa kowace ƙa'idar wannan fili. In ma akwai abin da waƙar Shago ke koyarwa game da ƙarfi, to shi ne cewa ƙarfin da ba ya tsayawa a fili a gan shi ba jarunta ba ne.

Ba na cewa a sauke Narambaɗa don a ɗora Ɗan'anace. Narambaɗa gwani ne da ba a ja da shi, kuma ina sauraren waƙarsa ta Ɗanfilinge da jin daɗin da nake sauraren Shago. Abin da nake ƙi shi ne a auna su da mudu ɗaya, mudun da aka sassaƙa a fada aka kuma gyara a aji. Shi makaɗin fada hikimarsa tana cikin jimla, a ɗauke ta a kai ko'ina tana nan. Makaɗin fili tasa tana cikin lokaci: yaushe za a yi magana, yaushe za a yi shiru, yaushe za a ambaci mutuwa ga mutumin da ƙafarsa ke rawa. Ta biyun ta fi wuyar kamawa, shi ya sa aka daɗe ana cewa babu ita.

Yau dambe ya sake tashi, ana cika gidan dambe a Kano da Dei-Dei ta Abuja, ana kallonsa a waya har ƙasashen waje, 'yan wasa da yawa suna ɗaura wa sunansu Shago. Amma dattawan da suka ga Ɗan'anace a tsaye da kalangansa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Roƙona ga ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, musamman 'yan Wurno da Rabah da Goronyo, su je Gandi da ƙauyukan kewaye su naɗi bakin waɗannan tsofaffi tun da sauran lokaci. Duk gidan rediyo ko mai shagon kaset da ke da tsohon faifansa ya juye shi zuwa na'ura kafin ƙura ta cinye. Wanda kuma zai yi nazarin waƙar Shago nan gaba, ya saurare ta sau goma da kalangunta da amshinta kafin ya taɓa alƙalami. Malam, ka gafarce ni, wannan karon ba ka auna daidai ba: Ɗan'anace yana sahun farko. Allah ya jiƙansa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.