Labari Cikin Zane da Matsalar Harshe a Ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Abin da Faransawa ke kira bande dessinée ya shigo makarantun Nijar da harshen Faransanci. Mujallar Kouakou, wadda aka soma bugawa a Paris a 1966 domin yaran Afirka, ita ce ta fi shahara. Daga gefen Nijeriya kuwa, African Film ta yi tashe da labarin Lance Spearman a ƙarshen shekarun 1960, da hotuna maimakon zane, cikin Ingilishi. Tambayar da ta shafi masu tsara yaƙi da jahilci ita ce: me ya ja hankalin yaran da ba su ƙware a waɗannan harsuna ba?

2. Inda ƙarfin abin yake

Kouakou tana haɗa gajerun labaru, da wasanni, da shafukan ilimi cikin fitowa ɗaya. Wannan tsari ya dace da sabon makaranci, domin yakan ƙare labari guda kafin gajiya ta cim masa, sa'annan tauraron ya sake bayyana a fitowa ta gaba, kamar yadda Gizo ke dawowa a kowace tatsuniya. Bugu da ƙari, zane yana ɗauke wa rubutu nauyin siffantawa, sai ya bar masa zance tsantsa, wanda shi ne mafi kusa da bakin mai karatu.

Aibin mujallar shi ne, an baƙanta fatar tauraron amma ba a taɓa harshensa ba. Yaron Filinge yakan bi abin da ya faru ta zane, ya tsallake maganar. Ya ji daɗi, amma karatu bai ƙaru yadda ake zato ba.

3. Zane ma sai an koya

Kuskure ne a ɗauka cewa kowa yana gane zane haka kawai. Binciken William Hudson na 1960 a Afirka ta Kudu, duk da sukar da aka yi wa hanyarsa, ya nuna cewa gane nisa da kusa a hoto yana da nasaba da sabo. A nan akwai ƙarin matsala: wanda ya fara da allo da ajami idonsa ya saba da tafiya daga dama zuwa hagu, alhali gidajen zane an jera su daga hagu. In ya bi sabonsa, sai ya ga faɗuwar mutum kafin hawansa bishiya. Sanya lamba a kowane gida yana maganin wannan, kuma ba ya cin kuɗi.

4. Wace Hausa za a sa a baki?

Ƙasar Filinge ta isa misali. Kurfayawa suna cewa tahi, hura, shina, inda daidaitacciyar Hausa ke da tafi, fura, yana. In an sa Hausar Kano a bakin manomin Kurfai, mai karatu zai ji baƙo ne ke magana. In kuwa an rubuta komai da Kurfayanci, littafin ba zai yi nisa ba. Mafita ita ce a raba aiki: bayanin mai ba da labari ya bi ƙa'idar da aka aza tun taron Bamako na 1966, maganar mutane kuma ta riƙe karin ƙasarsu. Haka nan kalmomin amsa-kama irin su tim, kwatsam da wuf sun wadatar, babu dalilin aro daga Faransanci.

A Tondikandiya, inda Zabarmanci ya rinjaya, wata fa'ida ta bayyana: zane ɗaya yana iya ɗaukar bugu biyu, a canza rubutu kurum.

5. Kammalawa

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973, babbar matsala ba ta wuce rashin abin karantawa bayan an koyi baƙaƙe ba. Wanda bai sami abin karatu ba yakan manta. Da yake a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar ta daɗa ƙaruwa. Ya kamata a gwada ƙaramin kundi na labaru biyar ko shida a cibiyoyin Filinge da Damana, a auna abin da aka gane, kafin a buga da yawa.